Rumfa da Ayari: Tarihin Jeri a Harsunan Kwamfuta na Masu Koyo

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa zama a ofishin gwamnati ya san cewa rabin aikin ofis jeri ne. Akwai jerin ma'aikatan da za a biya albashi a ƙarshen wata, da jerin ɗaliban da suka ci jarrabawa, da jerin masu biyan haraji, da jerin magungunan da suka rage a sito. Mutumin da sunansa ya faɗi daga jerin albashi ba zai ga ko kwabo ba a wannan wata, ko da kuwa bai yi fashin aiki na yini ɗaya ba. Wanda kuma sunansa ya saura a ciki bayan ya bar aiki, za a yi ta biyansa har ranar da wani ya farga. A dā akawu ne ke riƙe da irin wannan jeri a cikin rajista. Yanzu kuwa mafi yawansa ya koma cikin kwamfuta, kuma ɗalibin da ya fara koyon harshen umurtar kwamfuta yakan ci karo da darasin jeri tun cikin makonnin farko.

A harshen Python, alal misali, layi ɗaya ya wadatar:

bakwai = ["Daura", "Kano", "Katsina", "Zazzau", "Gobir", "Rano"]

In an tuna cewa an manta da Biram, sai a rubuta bakwai.append("Biram"), nan take Hausa Bakwai su cika. Sauƙin abin yakan sa mai koyo ya zaci haka na'urar ta zo tun asali. Alhali kuwa sai da masana suka shafe shekara talatin da biyar, daga 1956 zuwa 1991, suna gwada hanyoyi biyu masu kishiyantar juna kafin a kai ga wannan layi. Manufar wannan lacca ita ce a bi sawun hanyoyin nan biyu, a ga yadda aka sulhunta su saboda mai koyo, sa'an nan a nuna tabon da tarihin ya bari, domin a wurin tabon ne kurakurai ke shiga har yau.

Jeri Kafin Na'ura

Jeri ya girmi kwamfuta nesa ba kusa ba. Rubutu mafi tsufa da aka tono a birnin Uruk, a kudancin ƙasar Iraki ta yau, ya haura shekara dubu biyar, kuma mafi yawan allunan yumɓun da aka samu can lissafin hatsi ne da dabbobi da rabon abincin ma'aikata. Sauran kuwa jerin kalmomi ne da masu koyon rubutu suke kwafa, kamar sunayen sana'o'i da na itatuwa da na kifaye. Watau dai akawu da ɗan makaranta su ne suka fara amfana da rubutu, kuma dukansu biyu da jeri suka fara.

Jack Goody, masanin al'adun ɗan Adam na Jami'ar Kambirij, wanda ya yi bincike mai tsawo a arewacin Gana, ya ware babi guda a littafinsa na 1977 a kan wannan batu. Abin da ya nuna shi ne, da zarar an rubuta abubuwa a jere, sun sami farko da ƙarshe, kowane ya sami matsayi, ana iya ƙirga su, ana kuma iya sake jera su bisa wata ƙa'ida dabam. Magana ta baka ba ta ba da wannan dama cikin sauƙi.

Na'ura ta fara shiga aikin jeri sosai a ƙidayar jama'ar Amurka ta 1890, inda Herman Hollerith ya sa aka huda bayanin kowane mutum a jikin kati, injin lantarki yana ƙirgawa yana kuma taimakawa wajen rarraba katunan. Kamfaninsa na cikin waɗanda aka haɗe a 1911, aka kuma sake wa haɗakar suna IBM a 1924. A zamanin kati jeri abu ne da hannu ke taɓawa: in ana son ƙara mutum a tsakiya, sai a buɗa tarin katunan a cusa nasa. Matsala ta taso ne sa'ad da jeri ya bar kati ya shiga cikin ma'ajiyar kwamfuta, inda ba hannun da zai buɗa kome.

Hanyar Rumfunan Kasuwa

Ma'ajiyar kwamfuta kamar dogon layin rumfunan kasuwa take, kowace rumfa da lambarta, kuma kowace abu ɗaya take ɗauka. Kwamfutar IBM 704, wadda aka fito da ita a 1954, tana da irin waɗannan gurabe daga 4,096 zuwa 32,768, gwargwadon abin da mai saye ya biya. Hanya mafi sauƙi ta ajiye jeri a ciki ita ce a kama rumfuna a jere, ɗaya manne da ɗaya. In jeri ya fara a rumfa ta 500, ba sai an yi nema ba kafin a san inda abu na ashirin yake. Lissafi kaɗan zai kai na'ura can kai tsaye, ko da kuwa jerin ya kai dubu goma.

Wannan ita ce hanyar da harshen FORTRAN ya bi. John Backus da abokan aikinsa a IBM suka gama shi a 1957, domin injiniyoyi da masana kimiyya masu aiki da dogayen jadawalin lambobi. A cikinsa dole mai rubutu ya faɗi tun farko, da umurnin DIMENSION, yawan guraben da yake bukata, kuma ana fara ƙirga su daga ɗaya.

Amma kowane allazi da nasa amanu. Wanda ya kama rumfa ɗari, kayansa suka zo ɗari da ɗaya, ba shi da wurin sa na ƙarshe, domin rumfar da ke gaba ta wani ce. In kuwa ya kama dubu don gudun haka, ya yi asarar wuri a lokacin da wuri ke da tsada ƙwarai. Har ila yau, in ana son sa sabon abu a tsakiya, tilas duk waɗanda ke bayansa su matsa rumfa ɗaya ɗaya. Ga mai lissafin gada ko na tafiyar roka wannan bai zama damuwa ba, tun da ya san girman jadawalinsa kafin ya fara. Ga wanda bai san tsawon abin da zai fito ba kuwa, hanyar ta toshe.

Hanyar Ayari

Mutum uku ne suka fara buɗe wata hanya: Allen Newell da Cliff Shaw da Herbert Simon, suna aiki tsakanin cibiyar bincike ta RAND a jihar Kalifoniya da Kwalejin Fasaha ta Carnegie a birnin Pittsburgh. Ya kamata ma'aikatan gwamnati su lura da Simon, domin asalin karatunsa ilmin siyasa ne da sha'anin mulki. Littafinsa na 1947 a kan yadda ake yanke shawara a ma'aikatu yake, kuma a 1978 aka ba shi kyautar Nobel a fannin tattalin arziki. Tambayar da ta kai shi ga kwamfuta ita ce yadda mutum ke warware matsala mataki mataki.

A 1956 suka kammala wani tsarin umurni mai suna Logic Theorist, wanda ke neman hujjojin ƙa'idojin mantiƙi da kansa. Daga cikin ƙa'idoji 52 na farko a babi na biyu na littafin Principia Mathematica na Whitehead da Russell, ya tabbatar da 38. To, mai neman hujja bai san tsawonta ba sai ya same ta. Yakan bi hanya ya ga ba ta ɓulle ba, ya watsar, ya koma wata. Saboda haka suka ƙirƙiro harshen IPL, wanda a cikinsa kowane abu na jeri ke ɗauke da abu biyu: kayan da aka ajiye, da lambar gurbin da na gaba yake.

Wanda ya taɓa ganin ayarin gishiri tsakanin Agadas da Bilma zai gane wannan dabara nan da nan. Raƙuma a ɗaure suke da igiya, kowane da na gabansa. In ana son sa sabon raƙumi a tsakiya, igiya ɗaya za a kwance a ɗaura biyu, sauran ayarin ko motsi ba zai yi ba. Ayari yana iya tsawo ko ya gajarce a kan hanya ba tare da an nemi izinin kowa ba. Aibinsa shi ne, mai neman raƙumi na hamsin ba shi da wata dabara sai ya faro daga wurin madugu yana bin igiya yana ƙirgawa.

John McCarthy ya ga wannan aiki a taron da aka yi a Kwalejin Dartmouth a tsakiyar 1956. Dabarar ta burge shi, amma harshen IPL ya yi masa kusa da na'ura ainun, yana da wuyar karantawa. A 1958, a jami'ar MIT, ya fara gina harshen LISP, wanda sunansa ma daga kalmomin Turanci masu nufin sarrafa jeri aka yanko shi, ya kuma bayyana shi a wata maƙala a watan Afrilu na 1960. Kowane gurbi na IBM 704 yana da ɗigo 36, kowane ɗigo sifiri ne ko ɗaya, kuma a ciki akwai sassa biyu masu ɗigo 15 kowane. Ɗigo 15 kuwa sun isa daidai su riƙe lambar kowane gurbi daga cikin 32,768. Sai aka sa sashe ɗaya ya nuna kayan, ɗayan ya nuna sauran jerin. Daga sunayen sassan nan aka sami umurni biyu, CAR mai ɗauko na farko, da CDR mai ba da saura, sunayen da ba su da wata ma'ana ga wanda bai san cikin wannan na'ura ba.

Abu biyu McCarthy ya ƙara waɗanda suka daɗe. Na farko, jeri yana iya ƙunsar wani jeri, har ma umurnin da ake ba na'ura shi kansa a siffar jeri ake rubuta shi. Na biyu shi ne abin da ya kira kwasar shara. A IPL mai rubutu ne ke da alhakin mayar da guraben da ya gama amfani da su. A LISP kuwa, in wuri ya ƙare, na'ura da kanta take bin dukan igiyoyi, duk raƙumin da ta ga ba ya ɗaure da kowane ayari sai ta kora shi garke don a sake amfani da shi. Wannan nauyi da aka sauke wa mai rubutu shi ne matakin farko na sauƙin da mai koyo ke mora a yau.

Da Aka Waiwayi Mai Koyo

Duk harsunan da aka ambata na ƙwararru ne. A cikin shekarun 1960 aka fara tunanin ɗalibi, kuma kowace daga hanyoyin nan biyu ta haifi nata harshen koyo.

Hanyar rumfa ta haifi BASIC. John Kemeny da Thomas Kurtz, malaman lissafi a Kwalejin Dartmouth, suka tsara shi domin ɗaliban da ba kimiyya suke karantawa ba, kuma ya fara aiki ranar 1 ga Mayu, 1964. Sun rage wa ɗalibi wahala da wata 'yar dabara: in jerinsa bai wuce abu goma ba, ba sai ya nemi wuri ba, na'ura za ta tanada masa. In ya wuce haka sai ya yi amfani da umurnin DIM ya faɗi adadi. Da ƙananan kwamfutoci suka fito, irin su Apple II a 1977 da BBC Micro a 1981 da Commodore 64 a 1982, kusan kowace da BASIC a cikinta ta zo. Saboda haka yaran wannan zamani da yawa suka tashi da sanin cewa jeri layin gurabe ne masu lamba, wanda ake auna tsawonsa kafin a fara.

Hanyar ayari kuwa ta haifi Logo, a 1967, a kamfanin bincike na Bolt, Beranek da Newman da ke jihar Masacusets. Waɗanda suka tsara shi su ne Wally Feurzeig da Seymour Papert da Cynthia Solomon. Papert haifaffen Afirka ta Kudu ne, masanin lissafi, wanda ya yi shekaru yana aiki da Jean Piaget a ƙasar Suwizalan a kan yadda tunanin yara ke girma. Sunan harshen daga kalmar Girkanci mai nufin kalma ko magana ya fito, kuma wannan ya dace da shi, domin a farkonsa babu kunkurun zanen nan da ya yi suna da shi daga baya. Da kalmomi da jimloli yara suka fara wasa.

Logo ɗan LISP ne da aka sake wa tufafi. A maimakon CAR aka sa FIRST, watau na farko. A maimakon CDR aka sa BUTFIRST, watau duka ban da na farko. In aka ba FIRST jerin [Daura Kano Katsina] zai mayar da Daura, BUTFIRST kuma ya mayar da [Kano Katsina]. Jimla ita ma jerin kalmomi ce, saboda haka yaro yana iya juya ta, ya cire mata kai, ya ɗaura mata wutsiya. A littafinsa Mindstorms na 1980, Papert ya ba da labarin wata yarinya 'yar shekara 13 da ta so ta sa kwamfuta ta riƙa ƙirƙiro jimloli. Ta ga ba yadda za a yi sai ta raba kalmomi, sunaye a jeri ɗaya, aikatau a wani, in ba haka ba shirme ne zai fito. A nan ne ta gane dalilin darasin nahawun da aka yi shekaru ana koya mata ba ta ga amfaninsa ba. Malamin harshe ba zai rasa darasi a wannan labari ba.

Sulhu Tsakanin Hanyoyi Biyu

A farkon shekarun 1980, a cibiyar nazarin lissafi da kwamfuta ta CWI da ke birnin Amstadam na ƙasar Holan, Lambert Meertens da Leo Geurts da Steven Pemberton suka yi aiki a kan wani harshen koyo mai suna ABC, da nufin ya maye gurbin BASIC. A cikinsa ba a neman wuri, jeri yana girma yadda aka so. Sai dai sun yanke wa mai koyo wata shawara da bai roƙa ba: duk abin da aka zuba a jeri, harshen da kansa yake jera shi daga ƙarami zuwa babba. Wanda ya sa Kano sa'an nan Daura, zai tarar Daura ce a gaba. ABC bai yaɗu ba, amma wani matashi da ya yi aiki a kansa, Guido van Rossum, ya koyi abin ɗauka da abin bari. A hutun ƙarshen shekarar 1989 ya fara rubuta Python, ya sake shi ga jama'a a watan Fabrairu na 1991.

Jerin Python a waje ayari ne, a ciki kuwa rumfuna ne. Na'ura tana kama gurabe a jere kamar FORTRAN, amma ba kayan take ajiyewa a cikinsu ba, lambar inda kayan suke take ajiyewa, kamar LISP. Shi ya sa jeri ɗaya ke iya ɗaukar suna da lamba da wani jerin a lokaci guda. Takan kuma bar 'yan rarar gurabe a ƙarshe. In sun cika sai ta nemi wuri mafi fāɗi, ta kwashe lambobin ta koma can, mai rubutu bai ma san an yi ƙaura ba. Kwasar shara ma tana yi da kanta. Tsarin da mutum ya zuba kayansa kuwa, haka zai same shi, sai in shi ya ce a sake jerawa. A fitowa ta 2.0, cikin Oktoba na 2000, aka ƙara hanyar tace jeri a layi ɗaya, yadda za a ce a tsamo duk sunan da ya fara da harafin K daga cikin bakwai ɗin nan, a sami Kano da Katsina.

Zuriyar Logo ma ba ta ƙare ba. Mitchel Resnick, ɗalibin Papert, shi ya jagoranci ƙungiyar da ta fito da Scratch a MIT a 2007, domin yara 'yan shekara 8 zuwa 16. A cikinsa ba a buga umurni da haruffa, ana jawo tubala masu launi ne a haɗa su. An ƙara masa jeri a 2008, kuma abin da ya bambanta shi shi ne jerin yana bayyana a fuskar kwamfuta, yaro yana kallo sa'ad da abu ke shiga ko fita. Jerin Scratch ba ya ɗaukar wani jeri a cikinsa. Wannan giɓi ne Jens Mönig da Brian Harvey suka cike da harshen Snap!, wanda ya dawo wa tubalan da gadon LISP.

Tabon da Tarihi Ya Bari

Sulhu ya ɓoye wa mai koyo yawancin wahala, amma akwai wurare biyar da tsohon gini ke leƙowa.

Na farko, wurin fara ƙirga. FORTRAN da Logo da Scratch daga ɗaya suke farawa, kamar yadda mutane ke yi. Python kuwa ya bi harshen C, wanda Dennis Ritchie ya tsara wajen 1972, ya fara daga sifiri. Dalilin yana cikin rumfuna: lambar tana faɗin nisan abu ne daga bakin layi, kamar dutsen mil a gefen hanya, kuma rumfar farko ba ta da nisa ko kaɗan. Saboda haka bakwai[0] Daura ce, bakwai[1] kuma Kano. Edsger Dijkstra, masanin kwamfuta ɗan ƙasar Holan, ya rubuta gajeriyar takarda a 1982 yana kāre wannan tsari, tare da ƙa'idar cewa in za a yanki sashe, a haɗa da iyakar farko a bar ta ƙarshe. Amfanin haka a fili yake: bakwai[0:3] zai ba da uku na farko, bakwai[3:7] ya ba da sauran huɗu, ba wanda aka maimaita, ba wanda aka tsallake. Amma wanda ya koyi Scratch ya koma Python bai kiyaye ba, lambar yabon na ɗaya zai miƙa wa na biyu.

Na biyu, abin da ke faruwa in an wuce iyaka. Wanda ya nemi bakwai[7] a Python, harshen zai tsaya cik ya sanar da kuskure, domin na ƙarshe yana kan lamba shida. Scratch kuwa, in aka nemi abu na takwas a jeri mai bakwai, ba ya cewa uffan, fanko yake mayarwa ya ci gaba. An yi haka ne don kada a tsorata yaro. Sai dai a aikin ofis kuskuren da ya yi ihu ya fi wanda ya yi shiru alheri.

Na uku, suna biyu a kan jeri ɗaya. Wannan gadon LISP ne. In aka rubuta sabo = bakwai, ba a yi kwafi ba, an dai ɗaura igiya ta biyu ne a kan ayari guda. Duk abin da aka goge ta sunan sabo ya gogu ta sunan bakwai ma. Akawun da ya zaci yana gwaji ne a kan kwafin rajista, ashe asalin yake sokewa. Mai son kwafi na gaskiya sai ya nema da bakinsa, ya rubuta bakwai.copy().

Na huɗu, sharewa ana cikin tafiya, wanda gadon rumfuna ne. A ɗauka ana bin jerin albashi daga sama ana cire waɗanda suka yi ritaya, kuma na uku da na huɗu duk sun yi. Yatsan na'ura yana kan na uku, ta cire shi. Nan take kowa ya matsa gaba gurbi ɗaya, na huɗu ya koma mazaunin na uku. Yatsa kuwa ya riga ya gama da wannan gurbi, sai ya wuce. Ba a duba mutumin ba sam, sunansa ya saura, albashinsa zai ci gaba da fita, kuma ba wata sanarwar kuskure da za ta bayyana. Maganin abin shi ne a gina sabon jeri na waɗanda za su saura, ko kuwa a faro sharewar daga ƙasa a yi sama.

Na biyar ya shafi masu rubutu da Hausa kai tsaye, watau jerawa bisa abacada. Kwamfuta ba ta san harafi ba, lambarsa ta sani. Tsarin ASCII na 1963 ya tanadi lambobi 128 ne kawai, bisa bukatar Turanci, babu haruffa masu ƙugiya a ciki. Tsarin Unicode, wanda aka fara fitarwa a 1991, ya ba su mazauni, amma can nesa: babban D lambarsa 68, Z tana da 90, Ɗ kuwa 394, Ɓ 385, Ƙ 408. Saboda haka in aka ce wa Python ya jera Ɗambatta da Daura da Funtuwa da Zariya ba tare da wani ƙarin bayani ba, Ɗambatta ce za ta zo ƙarshe, bayan Zariya. Ɗalibin da sunansa ya fara da Ɗ zai duba ƙarƙashin D a allon sakamako bai ga kansa ba, ya koma gida da baƙin ciki, alhali sunansa na shafi na ƙarshe. Harshen ya ba da mafita tun 2004, domin umurnin jerawa yana karɓar ma'aunin da mai rubutu ya ba shi, yadda za a gaya masa cewa ɗ na bin d, ƙ na bin k. Amma wannan ma'auni ba zai rubuta kansa ba. Sai wanda ya san Hausa ya kuma san jeri ya zauna ya rubuta shi.

Kammalawa

Tarihin nan ya nuna cewa kowane sauƙi da mai koyo ya samu, wata shawara ce da wani ya yanke a madadinsa. Kemeny da Kurtz suka ce goma ta isa ɗan farawa. McCarthy ya ce na'ura ta share bayanta da kanta. Masu ABC suka ce a jera wa mutum kayansa ko bai tambaya ba, van Rossum ya ce a bar masa yadda ya zuba. Masu Scratch suka ce kada a tsawata wa yaro in ya wuce iyaka. Yawancin shawarwarin nan nagari ne, amma an yanke su ne a Amurka da Holan, bisa bukatun da masu yanke su suka hanga a lokacinsu, kuma ba a yi su da rajistar wata ƙaramar hukuma ko haruffan Hausa a zuci ba.

Saboda haka ɗalibi ko ma'aikacin da ya fara koyon kowane harshe, yana da tambayoyi biyar da ya kamata ya nemi amsarsu tun ranar farko: daga nawa ake fara ƙirga, me ke faruwa in an wuce ƙarshe, yaushe ake samun kwafi yaushe ake samun suna na biyu kawai, me ke faruwa da na baya in an cire na gaba, da kuma wace abacada ake bi wajen jerawa. Bayan wannan sai ya riƙe ɗabi'ar tsofaffin akawuna, waɗanda ba su rufe shafi sai sun ƙirga sunaye sun rubuta jimla a ƙasa. A Python umurnin len ne ke faɗin tsawon jeri. In ma'aikata 240 ne, aka cire 12 da suka yi ritaya, to, 228 ya kamata a gani. In na'ura ta ce 229, kada a sa hannu a takardar biya sai an gano wanda ya ɓuya.